Kalmar da Ta Rage wa Mai Hoto

Ciwon da ya kayar da Mai Hoto bai yi sata irin ta ƙananan ɓarayi ba. Da rana tsaka ya shigo, ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ya karkatar da baki, sannan ya zarce rumbun magana ya share shi tas. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana sa amare masu kunya da tsofaffi masu ɗaure fuska dariya, wanda ake cewa ko dutse ya zaunar a bencinsa sai ya murmusa, ya farka a gadon asibiti da kalma ɗaya tak a bakinsa. Ita ma ba ta Hausa ba.

"Redi," ya ce wa matarsa.

Inna ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san redi na nufin an shirya. Don haka ta ɗauka bankwana yake yi mata, ta juya ta shiga share hawaye da gefen mayafi. Sai da ya maimaita cikin ƙosawa, yana nuna kofin da ke kan durowa da hannun da ya rage masa, sannan ta gane ba lahira yake nufi ba, ruwa yake so. Daga baya, idan tana ba masu zuwa dubiya labarin, takan ce ita dai ba ta taɓa jin daɗin a yi mata tsawa kamar na ranar ba.

Autansa ne ya fi kowa sanin inda kalmar ta fito. A layinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Nagatif ake ce masa, kuma Baba ne ya laƙa masa tun yana rarrafe, wai don kamarsu ɗaya sak amma a juye, kamar hoton da ke jikin fim kafin a wanke: inda uban yake da haske ɗan ya yi duhu, inda uban ke zuba kamar 'ya'yan kanya ɗan sai an matsa yake buɗe baki. Yanzu ya girma, ya gama jami'a, yana koyar da Turanci a wata sakandare da ke bayan tashar mota. Amma tun kafin ya iya rubuta sunansa yake jin wannan kalmar a shagon hoton Baba, sau ba adadi a yini.

Baba yana da hanyar aikinsa da ba ya sauyawa. Zai zaunar da mutum a benci, ya gyara masa haɓa da kafaɗa, ya koma bayan kyamara, ya ƙwanƙwasa zobensa a ƙafar ƙarfen da take tsaye a kai don a ɗago kai, sannan ya ce redi. Da jin haka sai mutum ya sandare, ya riƙe numfashi, ya ɗora wa kansa fuskar da yake so duniya ta san shi da ita. Baba kuwa ba zai latsa ba. Zai yi ta jira, babban yatsansa a kan igiyar latsawa, har sai kafaɗa ta gaji ta sauka, numfashi ya kuɓuce, fuskar aro ta zame ta bar ta gida. A nan ne ake jin ƙas. Yakan ce redi tarko ne. Wanda ya shirya wa hoto ba shi ake ɗauka ba, na bayansa ake jira ya leƙo.

Aikin Nagatif a wancan zamanin shi ne riƙe farin allon da ke maido da haske kan fuska. Wurinsa ɗaya ne, kuma doka ce: dama da Baba, daidai kafaɗarsa, inda idon kyamara ba ya kaiwa. Ya tsaya a wurin nan har ya zame masa jiki. A hanya dama da Baba yake tafiya, wajen cin abinci dama da Baba yake zama. Shi ya sa a cikin dubban fuskokin da suka bi ta shagon babu tasa. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Ai tela ma da yagaggen aljihu yake yawo.

Da aka sallamo Baba, aka sa masa gado a ɗakin da ya fi iska. Taga tana hagu, kuma ratar da ke tsakaninta da gadon kujera ɗaya kawai take ɗauka. Inna ta kafa tata a nan don tana bukatar haske wajen saƙarta, in baƙo ya zo dubiya ta tashi ta ba shi. Ƙofa tana dama. Mai gashin ƙashi ya ja kunnen Nagatif cewa duk lokacin da za a ɗaga marar lafiya ko a taka da shi, ta ɓangaren da ya shanye ake tallafarsa. Bai ma bukaci a gaya masa ba. Ya jawo kujera ya ajiye a dama, ya zauna kamar bai taɓa barin wurin ba.

Watanni suka shige, kalmar ta yi ta haihuwa, Inna kuma ta zama ungozomarta. Akwai gajeren redi na ruwa, mai fita kamar an tsinke zare. Akwai dogo, wanda yake ja har ya ƙare a hanci. Wannan godiya ce. Idan Yaya, babbar 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa, ta kira ta bidiyo, Inna ta riƙe masa wayar a gabansa, sai ya yi ta jero shi a hankali kamar mai lallashin jariri, ita kuma tana can tana kuka tana amsawa da na'am Baba. Mai gashin ƙashi yana samun nasa ta tsakanin haƙora, kuma ba a bukatar tafinta kafin a san zagi ne. Har kyanwar maƙwabta da ke hawa taga tana da nata.

Nagatif ne kaɗai bai taɓa samu ba.

Kullum da safe zai durƙusa a gefen gado ya yi gaisuwa, kansa a sunkuye kamar yadda aka rene shi, sai Baba ya yi shiru, idonsa ya tafi can wajen taga, kamar an kira shi daga wani gida. Da yamma in ya dawo daga makaranta zai karanta masa jarida. Baba yana saurare, wannan ba shakka, don yakan yi tsaki daidai inda ya kamata a yi tsaki. Amma fuskar tana kallon wani wuri. Shi ne mai ɗaga shi, shi ne mai kai shi banɗaki, ƙamshin sabulun uban a jikin rigarsa yake yini, amma ko sau ɗaya ido bai haɗu da ido ba. Da ɗa ne mai rigima, da ya zagaya ya tsaya masa a gaba ya tambayi laifinsa. Nagatif ba haka yake ba. Tsayawa a gaban uba a zuba masa ido ba ya cikin tarbiyyarsa, kuma wanda aka kawar wa kai sau ɗaya yakan ji nauyin bin fuskar da ta guje shi. Sai ya koma cikin kansa, inda ya saba zama, ya shiga tonon dalili.

Ya tuna ranar da ya samu shiga jami'a: Baba ya yi ta dariya, ya sanar da duk layin, sannan ya zauna ya daɗe yana goge idon kyamarar da ba ta yi ƙura ba. Ya tuna hutun da ya dawo ya tarar da allon haske an ɗaure shi da waya a jikin wata kujera don ya tsaya da kansa. Ba su taɓa sa-in-sa ba, ba a taɓa ce masa ya guji sana'ar gida ba. Amma wa ya sani, watakila ciwon da ya kwashe magana ya kwashe kara tare da ita, ya bar abin da ke ƙasan zuciya a fili.

Ya taɓa gwada wa Inna zancen a kicin. Ta ce shi dai ya cika sa wa ransa abu tun yana ƙarami; mutumin da ke fama da kansa ina ya ga ƙarfin riƙe wani a zuci. Ta ce ai Baban nasa ya zama sai a hankali, ga shi ko wajen abinci ya koyi sabon iyayi, rabin faranti yake ci ya bar rabi a shate kamar an sa rula, sai ta juya masa farantin sannan ya cinye. Tana faɗa tana dariya. Shi bai yi ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda kalmar ta cika gari, arha kamar ƙasa. Kafin ciwon Baba bai taɓa lura ba. Kwandasta na dukan ƙofar mota yana ce wa direba redi ne, alhali rabin kujeru ba kowa. Mai gyaran waya ya ce masa ya dawo da yamma, za ta yi redi. A bakin kasuwa masu ɗinkakkun tufafi na ta kiran redimed. A filin makaranta malamin wasanni na faɗinta, yara su duƙa su jira usur. Kowa na zubar da ita a ƙasa yana wucewa, shi kuma yana tafe a tsakaninsu kamar mayunwaci a layin masu abinci.

Wata rana, ba tare da tana cikin manhaja ba, ya rubuta ta a allo ya cinye darasi guda a kanta. Ya gaya wa ɗalibai cewa mai Turanci yakan ce abinci ya yi redi idan ya nuna, ya ce matafiyi ya yi redi idan ya ɗaure kayansa. Yakan kuma ce shi redi ne ya taimake ka, a nan kuwa ba kaya ake nufi ba, zuciya ce ta yarda. Har game da bango yakan ce ya yi redi ya faɗi, wato yana gab da faɗuwa, ko da yake bangon bai shirya komai ba. Ya ce su lura da kyau, mutum na iya shiryawa bai yarda ba, yana iya yarda bai shirya ba, amma wannan harshen ya zuba su a tukunya ɗaya ya rufe. Wata ɗaliba a layin baya ta tambaya ko zai fito a jarrabawa. Ya ce a'a, nan take aka ji rufe littattafai. Ya tsaya yana share allon a hankali, yana tunanin cewa ya san kalmar ciki da bai, zai iya yini yana warware ta zare-zare, amma wadda yake so guda ɗaya ce, a bakin mutum ɗaya, ko da ta zagi ce irin ta mai gashin ƙashi.

Tela ne ya kawo labarin shago. Shagonsa na jikin na Baba, bango ɗaya ya raba su shekara da shekaru, kuma ba su taɓa gaisawa babu tsokana ba. Inna ta tashi ta ba shi kujerar taga. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗaga girar da ke ɗaguwa.

"Redi?"

"Kin ji shi ko, uwargida? Rigar da ya ba ni ɗinki yake tambaya. Mutum yana kwance ma ba zai bar ni in sha iska ba. Ta kusa, maigida, saura maɓalli."

Inna ta ce wannan maɓallin ko a bishiya ake jiran ya nuna, ai ya ci a ce ya faɗo. Baba ya yi wata dariya ta rabin baki har da tari. Nagatif, a can dama, ya ji dariyar ta wuce ta gefensa kamar motar da ba hanyarsa za ta bi ba.

Sannan Tela ya sauke murya ya faɗi abin da ya kawo shi. Mai ginin ya yi haƙuri iyakar haƙuri, amma ɗansa ya dawo yana so ya buɗe wurin sayar da wayoyi, don haka yana roƙon a kwashe kayan hoto kafin wata ya ƙare. Yana faɗa yana kallon Inna, kamar yadda ake yi a gaban marasa lafiya, a manta cewa kunnensu bai shanye ba. Baba ya damƙi ƙarfen gado da hannun hagu har ya yi ƙara. Ya nuna hularsa da ke rataye a ƙusa, ya nuna ƙafarsa, ya dubi Inna ya faɗi kalmarsa sau da dama, kowace ta fi ta baya nauyi. Inna ta ce ina, mutumin da bai leƙa ƙofar gida ba tun da aka sallamo shi. Nagatif, wanda ba kasafai yake sa baki ba, ya ce zai samo tasi ranar Asabar, shi zai riƙe shi. Da ɗan ƙarfi ya faɗa, yana fatan ko wannan zai sa a waiwayo. Ba a waiwayo ba.

Ranar Asabar da hantsi suka isa. Ƙofar ƙarfen ta yi gardama kafin ta buɗu, sai warin ƙura da tsohon maganin wankin hoto ya tarbe su. Komai na nan inda ciwon ya bar shi. Hotunan da ke jikin gilashin gaba rana ta cinye su, amare da 'yan makaranta duk sun koma launin shayi. Ga madubi da matajin da kawuna ba adadi suka yi tarayya a kansa. Ga baƙar kwat ɗin aro da ake sa wa masu hoton neman aiki, wadda ba ta taɓa yi wa kowa daidai ba. Ga tarhon da ba shi da waya, wanda 'yan mata ke karawa a kunne su yi kamar ana kiransu daga nesa. A bangon ƙarshe kuma ga babban labulen nan mai zanen bene da lambu da wani shuɗin tafki, inda duk talakan layin ya taɓa mallakar gida na ɗan lokaci.

Kujerar da ke da majingina guda ce a shagon, ta Baba, a bayan kyamara. Nagatif ya sauke shi a kai, ya gyara masa ƙafar da ta shanye, ya tsaya a wurinsa na da yana haɗa kwalaye. Baba ya miƙa hannu ya janye ƙyallen da ke rufe da tsohuwar kyamarar, mai cin fim, wadda ya ƙi rabuwa da ita ko bayan da ya sayi ta zamani. Ya shafa ta kamar mai taɓa goshin yaro ya ji ko da zazzaɓi. Tela ya shigo da tef a wuya, wai ya zo taya aiki. Abin da ya taya shi ne sassauta ƙafafun ƙarfen ya sauko da kyamarar daidai fuskar abokinsa. Daga nan bakinsa ne ya ci gaba da aikin, yana ɗaga hoto bayan hoto yana faɗin wanda ya mutu, da wanda ya yi ƙiba, da wadda aurenta bai kai tsawon ran firam ɗin ba.

Kwalaye suka cika, saura labule. Inna ta ce a bar wa mai gini, ina za a kai bene da tafki a gidan da ko kwalayen nan sai an yi dabara. Nagatif ya ce Yaya ta roƙa a ajiye mata shi, don a gabansa aka ɗauke ta ranar da ta gama makaranta. Ya ratsa ta gefen kyamara, ya shiga filin da bai taɓa tsayawa a ciki ba sai don shara, ya taka benci ya fara kwance igiyar. Ƙullin Baba ne, irin wanda ba ya jin lallashi. Garin ja, wani tsinken katako ya shige masa a yatsa. Ya sauko ya zauna a bencin, ya sunkuya yana ƙoƙarin zare shi da farce.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas. Zobe a jikin ƙarfe.

Jikinsa ya amsa kafin hankalinsa. Ya ɗago kai. Baba na kallonsa. Ba ta gefensa ba, ba ta kansa zuwa wani wuri ba. Shi yake kallo, ido cikin ido, irin kallon da ake yi wa matafiyin da aka daɗe ana jin muryarsa daga nesa sai ga shi a bakin ƙofa. Idon ya bi goshinsa, ya sauka kan gemun da ya bari ya taru a watannin nan, ya tsaya a kan ƙashin wuyan da ya fito, ya koma sama.

Nagatif ya kasa gaskatawa. Ya miƙe a hankali, ya matsa zuwa wajen kwalaye, ta damar Baba, bai ɗauke idonsa daga fuskar uban ba. Bai yi nisa ba ya ga abin ya faru: kallon ya sake shi kamar an kashe fitila, idanun suka shiga lalube, suka zame can hagu, inda suke tafiya kowace safiya. Ya dawo gaban bencin. Suka kama shi, suka riƙe.

Sai farantin Inna ya faɗo masa a rai, rabin nan da ake bari a shate har sai an juya. Ashe ba iyayi ba ne. Ciwon da ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama ya haɗa da ganin duk abin da ke dama. Rabin duniya ya tafi, kuma a cikin wannan rabin ya je ya kafa kujerarsa, don can ne wurinsa tun yana yaro. Duk safiyar da ya ɗauka ana kawar masa da kai, nemansa ake yi. Baba kuwa bai taɓa ce wa fuskar da ba ya gani redi ba. Ba haka aikin yake ba.

Zoben ya sake bugawa, wannan karon da ƙosawa. Hannun hagu ya nuna benci, Nagatif ya zauna. Yatsa ya yi sama, ya ɗaga haɓa. Tafin hannu ya karkata, ya sauke kafaɗar da ta fi 'yar'uwarta tsawo. Baba ya yi tsaki ya nuna kwalar riga. Inna, wadda ta tsaya cak da kwali a hannu, ta ajiye ta zo ta gyara masa ita, ta koma gefe. Tela ya dubi fuskokinsu. Ya kwance farin allon daga jikin kujerar da aka ɗaure shi, ya je ya tsaya dama da Baba ya riƙe. Bai riƙe daidai ba, amma hasken ya nemi hanyarsa.

Baba ya murɗa hannun kyamarar da ƙyar, ya laluba ya kamo igiyar latsawa, ya kara ido ya duba, sannan ya ɗago ya dubi ɗansa ta samanta.

"Redi."

Ba na ruwa ba ne, ba na godiya ba, ba kuma na zagi ba. Tsohon ne, na aiki, mai kauri da natsuwa, wanda Nagatif ya girma yana jin yana wucewa ta gefen kunnensa zuwa ga wasu. Yau shi ya nufo.

Ya san tarkon sarai, a gabansa aka kama mutane da shi ba adadi. Duk da haka ya sandare, ya riƙe numfashi, ya ɗora fuskar malamin makaranta, wadda ba ta nuna komai. Baba ya jira. A waje mota ta wuce. Can ƙasan layi wani na ta kiran masu tsoffin ƙarafa. Tela ya gyara riƙon allon. Baba bai ƙosa ba, yatsansa na kan igiya, idonsa na kan ɗansa, kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Can kafaɗun Nagatif suka sauka. Numfashin ya fita da wata ƙara da shi kansa bai san ta dariya ce ko ta kuka ba.

Ƙas.

Tela ne ya fara sauke allon yana murza kafaɗa, ya tambaya a hankali wai shin akwai ma fim a cikin abin nan kuwa, ko dai riƙon banza aka sa shi. Inna ta ce ya je ya nemo maɓalli. Nagatif ya zo ya tsaya a kan kyamarar. Hanyar da ta fi sauri a sani ita ce a buɗe bayanta, kuma in da fim a ciki, hasken da zai shiga zai ƙone abin da ke kai. Ya mayar mata da ƙyallenta, ya cire ta daga kan ƙafafun, ya rungume ta a rufe.

Da tasi ta zo, ya tallafi Baba ta dama kamar yadda aka koya masa, ya zaunar da shi a baya, ya gyara ƙafar. Sannan ya rufe ƙofar, ya zagaya ta bayan motar ya buɗe ɗaya ƙofar, inda Inna ta riga ta zauna hagu da mijinta.

"Inna, ki koma gaba."

"Yau kuma? Ni da wurina?"

"Aro nake so."

Ta dube shi, ta dubi mijin, ta tattara mayafinta ta fita tana cewa 'ya'yan yanzu sai addu'a, ka haife su su tashe ka daga kujera. A hanya ya yi mata bayanin faranti da abin da ya gani a shago, a taƙaice, kamar yadda yake komai. Sai da suka kusa gida ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"Ni da nake juya faranti kullum, ban taɓa tunanin in juya ka ba."

Da suka shiga, suka haɗu suka ja gadon ya matsa daga taga, har ratar ta ɗauki kujera biyu. Labulen mai bene da tafki, a naɗe, aka jingine shi a kusurwa yana jiran mai shi. Kyamarar kuwa ya ɗora ta a kan durowa cikin ƙyallenta. Watakila wata rana ya samu wanda har yanzu yake wankin fim ya kai masa. Watakila kuma ya bar ta haka, da abin da ke ciki ko babu.

Ya ɗauko kujerarsa ya zagaya da ita, ya zauna kusa da Inna. Wurin baƙo ne a jikinsa. Hasken taga na dukan ƙeyarsa, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Baba ya gaji tiɓis, idonsa na lumshewa yana buɗewa, amma duk buɗewa sai ya sauka a kansa, kamar mai duba ko kayansa na nan inda ya ajiye. Can ya lashi leɓe, ya dube shi, ya faɗe ta a gajarce kamar an tsinke zare.

"Wannan na ruwa ne," in ji Inna, ba ta ɗago daga saƙarta ba.

"Na ji," ya ce. Hannunsa ya riga ya kai kan kofin.